Kwamfutar Kwali

Litinin, 8 ga Satumba

An kafe takarda a allon sanarwa da safe. Jarrabawar tallafin karatu ta bana a kan kwamfuta za a yi, ba a takarda ba. Asabar, 15 ga Nuwamba. Sau uku na karanta a tsaye, ko jaka ban sauke ba.

'Yan matana tara ne suka cike fom, duk 'yan ajin ƙarshe. Na shiga aji na ce duk wadda ta taɓa sa hannu a kan kwamfuta ta miƙe. Biyu suka miƙe. Wadda muke kira Lauya saboda bakinta ta ɗan ɗago rabi, wai ta taɓa goge ƙurar ta ofishin kawunta, ko wannan ma taɓawa ce? Aji ya kwashe da dariya. Na taya su, amma gabana faɗuwa yake yi.

Tambaya ba ta yi dariya ba. Ni na sa mata sunan nan tun tana aji ɗaya, don darasi ba ya ƙarewa ba ta ɗaga hannu sau biyar ba. Yau ko sau ɗaya. Ta san abin da na sani: in ba ta samu tallafin nan ba, karatunta ya tsaya ke nan. Babanta ya faɗa, kuma ba don mugunta ba. Babu ce.

Makaranta tana da kwamfuta ɗaya a ofishin Shugaba, an lulluɓe ta da tawul. Tun bara ba ta tashi.

Talata, 9 ga Satumba

A cikin bas na yanke shawara. Abin da na tara na makin takardun jarrabawa, wanda na ajiye don firji. Firji ya jira. Kwamfuta zan saya, irin ta ɗorawa a cinya, mai batir, saboda halin wuta. In riƙa kai ta aji kullum bayan an tashi.

Abban yara ya ce, “Malama, mu da ruwan sanyi sai baɗi ke nan?” Amma sai ga shi ya ɗauko tef ɗinsa na awo yana tambayata faɗi da tsawo. Wai matar kafinta ba za ta ɗora kwamfuta a kan benci ba, tebur zai ƙera mata.

Mako tara da 'yan kwanaki. Ya isa, in aka fara yanzu.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na kira Auta, ƙanena, tunda abin da ya karanta ke nan. Na ɗauka zai ce sayi kaza, shi ke nan. Ina!

“Yaya, kada ki kuskura ki saya yanzu.” Wai akwai abin da ake kira babbar manhaja, ita ce ke tafiyar da komai a cikin kwamfuta, kamar shugaban makaranta da malamai. To sabuwa tana nan tafe ƙarshen Oktoba. Kwamfutocin da ƙarfina zai iya saya yanzu, da yawansu ba za su ɗauki sabuwar ba. In na saya yau, nan da wata biyu na zama mai tsohon yayi. In na jira, ko in samu mai sabuwar, ko tsofaffin su sauko.

Na ce jarrabawa fa? Ya ce mako biyu sun ishi yaran zamani, ai da waya aka haife su. Ban gaya masa cewa a gidan su Tambaya ƙaramar waya mai maɓallai ce kawai ba, ita ma a aljihun babanta take wuni.

Abin da ya dame ni: da ya ce in jira, wani daɗi na ji. Me ya sa?

Asabar, 13 ga Satumba

Na je dai in gani da idona. Layin masu kwamfuta, shago na huɗu, mai fanka biyu da kwalaye har rufi. Mai shagon dattijo ne, tabarau a goshi, wani kuma a hanci. Ya buɗe min wata baƙa, gefenta ya ɗan goge. Na kawo maganar sabuwar manhaja, don ya san ba da jahila yake magana ba.

Ya yi murmushi. “Hajiya, shekarata goma sha shida a layin nan. Ban taɓa buɗe shago ranar da babu wata sabuwa a hanya ba.” Ya tambayi aikin da za a yi da ita. Na faɗa. Ya ce ita jarrabawa ba ruwanta da wace manhaja ce a ciki, hannu take so ya saba.

To ai dole ya ce haka. Kayansa yake son sayarwa.

Ya juyo min da ita ya ce, “Bismillah, taɓa ki ji.” Na ce hannuna da maiƙo, na shafa mai. Na ce zan dawo.

Ban shafa komai ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Tebur ya iso aji. Farin katako, har da ɗan rami ta baya na wucewar waya. Kyau kamar me. Babu komai a kai.

Laraba, 17 ga Satumba

Ba zan zauna haka ba. Da asuba dabara ta zo min, har na kusa ƙona shayi.

Na samo babban kwali a shagon Abban yara, na yanka taga a gabansa. Ita ce fuskar kwamfuta. Na rubuta tambayoyi da alƙalamin maka, kowace a takardarta, da amsoshi huɗu a ƙasa. Na zana allon maɓallai a wani kwalin, na kwafa daga hoto a wayata, harafi bayan harafi. Linzami kuwa, wannan ɗan abin da ake turawa a kan tebur, sabulu na sa, sabo, ban cire takardarsa ba. Yara suka sa masa suna ɓera.

Ga yadda muke yi. Ina tsayawa a bayan kwalin da takardu a hannu. Yarinya ta zauna ta tura sabulu, ni kuma in bi da 'yar kibiya da na manna a bakin tsinke. In ta tura dama, kibiya ta yi dama. In ta iso amsar da take so ta danna sabulun, sai in ce “ƙit”, in zare takardar, tambaya ta gaba ta bayyana.

Wayyo, daɗin da suka ji! Har aka buga ƙararrawar rufe ƙofa ba su so tashi ba. Lauya ta ce, “Malama, wannan kwamfutar ta fi ta kawuna, ita tana murmushi.” Tambaya ta yi ashirin a jere ba kuskure, hannunta a kan sabulu kamar da shi aka haife ta.

Na dawo gida ina ta ba da labari har Abban yara ya ce in bari ya haɗiye abinci.

Juma'a, 19 ga Satumba

Shugaba ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce wannan ita ce koyarwa, zai faɗa a taron malamai. “Ai Malama mai digiri biyu ce, kwamfuta a kanta take.” Na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Kunyar ce kuwa, amma ba irin wadda ya zata ba.

Talata, 23 ga Satumba

Ban ɗora kwalin a kan sabon tebur ba, a benci muke yi. Na ce tebur na mai zuwa ne. Yanzu sun sa masa suna teburin baƙo. Kullum Lauya in ta shigo sai ta gaishe shi. “Har yanzu baƙon bai sauka ba? Ko mota ce ta lalace?”

Lahadi, 28 ga Satumba

Na wuni ina karance-karance a waya. Wani ya ce saya yanzu, wani ya ce wauta ce. Wani ya zana jadawali. Na kwafe shi a bayan littafin darasi, na ja layi biyu, dalilan saye da dalilan jira. Bakwai da bakwai suka fito. Na san ni na daidaita su.

Na share ɗaki sau biyu. Na sauya wa kujeru wuri, na mai da su.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Tambaya ta tsaya bayan kowa ya fita, tana taya ni tattara takardu. Ta ce, “Malama, ta gasken ma haka take?” Na ce haka take, sai dai ita ba ta gajiya. Ta ce in mutum ya yi kuskure fa, ana iya komawa baya? Na ce mu bar wannan sai baƙo ya iso.

Ban sani ba. Wannan ce amsar. Shekara shida yarinyar nan tana tambayata, ban taɓa kauce mata ba sai yau.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na bi ta layin masu kwamfuta, wai zan sayi zare. Babu mai sayar da zare a layin. Ta tsallaken titi na wuce, na hango baƙar tana nan a kan kanta. Dattijon ya ɗago min hannu. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Auta ya turo saƙo: an ɗaga fitowar sabuwar zuwa farkon Nuwamba. “Ƙara haƙuri kaɗan, Yaya, kin kusa cin riba.”

Farkon Nuwamba. Na ƙirga a yatsu a ofishin malamai, har malamin lissafi ya ce ko in ara miki kalkuleta. Kwana goma zai rage, ko ƙasa da haka. Yara tara, kwamfuta ɗaya.

Amma ai suna koyo. Kwalin yana aiki. Yana aiki.

Litinin, 13 ga Oktoba

Sanarwa: cibiyar da za a yi jarrabawar za ta buɗe ranar Asabar don gwaji. Minti talatin, tambaya arba'in, a kan kwamfutocin gaske. Yara suna ta tsalle. Na ce musu su je su nuna wa 'yan manyan makarantu abin da kwali ya iya.

Ni kuwa ban taya su tsallen ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe in gyara wa kaina labari.

Babban ɗaki ne mai sanyi, kwamfutoci layi-layi, kowace da ɗan katanga tsakaninta da ta kusa. Malamai aka ce mu tsaya a baranda, ta gilashi muke kallo. Mai kula da ɗakin ya yi gargaɗi da babbar murya: duk wanda ya yi magana ko ya leƙa na kusa da shi, waje. Na samu wurin da nake hango bayan Tambaya da rabin fuskar kwamfutarta.

Aka fara. Ta kama linzami da kyau, yadda na koya mata. Ta karanta, ta tura, ta danna. Na ga ɗigo ya fito a kan amsa. Na ce alhamdu lillahi.

Sai ta janye hannu ta ɗora a cinya. Ta zauna tana kallon fuskar.

Na ɗauka tunani take yi. Minti ɗaya, biyu. Ta sake danna amsar, ta sake mai da hannu cinya. A saman fuskar akwai agogo yana cin lokaci, ja. A kwalina babu agogo. In yarinya tana tunani, jiranta nake yi.

A minti na biyar na gane. Jira take a zare mata takarda.

Akwai wani ɗan akwati a can ƙasa, gefen dama, wanda sai ka danna shi tambaya ta gaba take zuwa. Na kusa da ita duk suna ta dannawa. Ban zana shi a kwalina ba. Ban zana shi ba don ban san da shi ba. Ni ma a barandar nan na fara ganinsa, a kwamfutar wani yaro.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Wani malami ya riƙe min hannu, “Haba Malama, so kike a kore ta?” Yarinyar da ba ta iya minti goma ba ta ɗaga hannu ba, yau an ce kada a yi magana, ta yi biyayya. Sai da mai kula ya zo wucewa ya lura, ya nuna mata da bakin biro. Minti goma sha tara sun tafi.

Tara ta amsa cikin arba'in. Duka taran daidai.

Sauran ma ba su tsira ba. Uku sun yi irin nata na ɗan lokaci. Wata ta danne maɓalli da ƙarfi kamar yadda suke danna kwali, lambarta ta fito da bakwai guda goma sha biyu. Lauya ta leƙa na kusa da ita duk da gargaɗin, ta ga akwatin, ita ta kai ashirin da shida.

Muka hau bas. Da muka kusa sauka Tambaya ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba, “Malama, na yi ta jira ta ce ƙit.”

Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ban fita ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na zana akwatin a kwali, ƙasa gefen dama. Na kawo agogon bango na jingina. Muka yi darasi. Ba wadda ta yi dariya, ba wadda ta gaida tebur. Ina tsaye a bayan kwalin ina tunanin sauran abubuwa nawa ne ban zana ba.

Na kira Auta na ba shi labari. Ya ce, “Saura mako biyu fa, Yaya. Bayan duk wannan jiran?” Ya ce in na saya yanzu, jiran da na yi ya tashi a banza.

Wannan maganar ta kama ni. Har na ce to.

Talata, 21 ga Oktoba

Mahaifiyar Tambaya ta zo makaranta lokacin hutun tara, da 'yar takardar sakamakon gwaji a ƙulle a bakin mayafi. Ba ta karatu, amma an karanta mata: tara cikin arba'in. Ta ƙi zama a kujera sai da na matsa.

Ta ce ƙanwar baban tana neman mai tsaya mata a shagon ɗinki, kuma baban ya ce tunda abin ya fi ƙarfin yarinya, gara ta fara zuwa tun yanzu, kada a ba wata gurbin. “Malama, ke kika ce tana da kai. Ni ban san komai ba, maganarki na riƙe nake faɗa da ita a gida.”

Na ce tana da kai. Na ce laifin ba nata ba ne. Ta ce to na wa ne, na injin? Na ce a ba ni zuwa ranar jarrabawa. Ta ce za ta gwada, amma ranar Asabar dole yarinya ta fara zuwa shago.

Na wa ne.

Laraba, 22 ga Oktoba

Bayan tashi ban wuce gida ba, na biya shagon Abban yara. Yana goge wata ƙofa, garin katako har gira. Na zauna a kan buhun ƙusa na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ban iya kwamfuta ba. Ko kunna ta. A jami'a darasin a allo aka yi mana, mu ɗari uku, na haddace na ci. Kundin digirina na biyu da hannu na rubuta, na kai wa mai buga takardu. Sakamakon ɗalibai kullum sakatare nake miƙa wa, in ce ido ne ke damuna. Shekara goma sha huɗu ina gaya wa yara cewa tambaya ba abin kunya ba ce. A bayan kwali ni ce kwamfuta, ni na san komai. In ta gasken ta hau tebur, a gaban yaran nan zan tsaya ina lalube.

Ya kashe inji. Ya ce, “Na sani.”

Na ce ka san me? Ya ce tun ranar da na ce ya yi wa tebur rami, ya tambaye ni wayar ta wane gefe take fita, na ce ya yi yadda ya ga dama. “Ke da ko ƙusar labule sai kin nuna min inda zan kafa.”

Na yi dariya, sai hawaye. Ya ba ni tsumma mai ƙura, na ƙi karɓa.

Ya nuna min injin da ke hannunsa. Wai wata biyu da sayensa aka fito da wanda ya fi shi sauri, abokan sana'a suka yi ta yi masa tsiya. “Shi ya yi gadon da kike kwana a kai, da teburin baƙonki.” Ya kunna abinsa ya ci gaba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na saya.

Baƙar, mai gogaggen gefe. Dattijon bai ce ai na gaya miki ba. Da kansa ya faɗa min cewa wannan ba lallai ta ɗauki sabuwar manhajar ba, kada in ce ya ɓoye. Na ce na ji. Ya sa mata shirin gwajin jarrabawa, mai agogo da akwatin da komai, ya haɗa min da linzami.

Zai rufe ta na ce, “Baba, nuna min inda ake kunnawa.” Ya sauko da tabarau na goshi, ya jawo min kujera kamar kullum haka ake tambayarsa. Awa ɗaya da rabi. Kibiya ta yi ta guje min, na ɗaga linzami sama ina neman ta. Ya ce, “A ƙasa yake kiwo, Hajiya, ba ya tashi.” Ko sau ɗaya bai yi dariya ba. Malami ne, bai sani ba.

Na rungumo ta a bas kamar jaririya. Ban gaya wa Auta ba tukuna.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Baƙo ya sauka. Lauya ta durƙusa har ƙasa: “Sannu da hanya, ranka ya daɗe, mun sha jira.” Dariya ta dawo ajin.

Na rubuta jerin suna a allo, kowa minti goma sha biyar. Ɗaya zuwa tara. Na tsaya da alli a hannu, sai na ƙara goma, na rubuta Malama. Lauya ta ce, “Au, Malama, ke ma layi za ki bi?” Na ce ni ma ban iya ba, tare za mu koya. Haka kawai na faɗa, ina kallon allo.

Ban san me na zata zai faru ba. Rufi bai faɗo ba. Wata ta ce to Malama ki matso benci, kada a tsallake ki.

Ramin tebur yana hagu, wayar ta dama take fita.

Laraba, 29 ga Oktoba

Kwana goma sha bakwai. Muna zuwa kafin a buga ƙararrawar safe, muna yi lokacin tara, muna yi bayan tashi har batir ya mutu. Ba ya isa. Minti goma sha biyar ba komai ba ne. Duk sanda na kalli jerin sai in tuna makonni shidan da tebur ya yi a wofi, in ji kamar in ciji yatsa.

Tambaya ta dawo da tambayoyinta, sai dai yanzu ba ni take yi wa ba, dannawa take ta gani. Ita ta gano yadda ake komawa baya a gyara amsa. Ta ce, “Malama, kawo hannunki.” Ta ɗora nata a kan nawa ta tura. A yatsanta akwai huda biyu na allura, daga shagon Asabar.

Talata, 4 ga Nuwamba

Auta ya kira da murna, sabuwar ta fito. Na ce ai na saya tun kwana goma sha biyu. Ya ce, “Yaya!” Ya sa na karanta masa lambobin da ke ƙarƙashinta. Ba za ta ɗauka ba. Ya ce ya gaya min. Na ce ya gaya min, kuma gaskiya ya faɗa, amma ya yi haƙuri layina ya zo, Lauya tana hararata.

Na ci ashirin da biyu cikin arba'in. Tambayoyin na sani, hannu ne bai saba ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Na ce kowa ta je ta huta. Ni ce na kasa zama. Na goge allo, na goge tebur, na goge allon kuma.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Baranda ɗaya, gilashi ɗaya. Wannan karon an sa ta can ciki, ɗankwalinta kawai nake hange. Na ƙura wa kafaɗarta ido. Tana motsi. Ba ta tsaya ba.

Da suka fito ta ce ta kai ƙarshe har ta koma baya ta duba. Lauya ta fito fuska a murtuke, lokaci ya cinye mata bakwai. Ta ce, “Da baƙon ya zo da wuri...” Ba ta ƙarasa ba, ta ɗora dariya a kai.

Litinin, 8 ga Disamba

Sakamako ya fito. Shugaba ya ce a kira sakatare ya duba a waya. Na ce a bari. Na buɗe baƙar a kan teburinta, yara tara a bayana suna numfashi a wuyana. Sau biyu na yi kuskuren lambar makaranta. Ba wadda ta karɓe min linzami.

Huɗu sun samu. Tambaya ce ta biyu a jerin. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da littafi. An aika a gaya wa mahaifiyarta.

Lauya maki biyu ya hana ta. Biyu. Ta ce ba komai, akwai zagaye na biyu a watan Maris ga waɗanda suka kusa, kuma wannan karon ita ce ta ɗaya a layi, ni ta biyu. Na ce to. Mako shida, maki biyu. Ba zan yi wannan lissafin ba. Na riga na yi.

Kwalin na mayar wa Abban yara, ya zuba ƙusoshi a ciki. Sabulun yana aljihun jakata, ban san me ya sa ba.

Auta ya turo hoton wata sabuwa mai sabuwar manhaja, wai ta sauko, in sayar da tawa in cika. Wai kuma an fara maganar wadda za ta biyo bayanta. Na karanta na ajiye wayar. Ko a jikina.

'Yan aji biyar sun zo suna leƙe ta taga. Na ce su kawo sunayensu gobe. Ɗaya ta tambaye ni yadda ake sa babban harafi. Na ce ban tabbata ba, zo mu danna mu gani.

Ba wai na iya ba ne. Gobe ƙarfe bakwai, kafin ƙararrawa. Kada in manta caja.